Man da Ɗari Ya Sha

Don Eulogio Ccama bai yarda da abin da bai auna da hannunsa ba. Yana da wani ɗan sanda da ya fere da wuƙa ya yi wa tsage-tsage, kuma duk ranar da surukinsa Rómulo, mijin 'yarsa Nélida, ya dawo daga kai madara, sai ya buɗe tankin babur ya tsoma shi, ya zaro, ya duba inda danshin fetur ya tsaya. Babu laifi mutum ya san abin da ke cikin tankinsa. Amma wanda ya saba awo kullum, wata rana zai juyo da sandan kan mutane, kuma ta nan ne Don Eulogio ya kusa watsa gidansa da hannunsa.

Ya sayi babur ɗin a watan Oktoba da kuɗin wani bijimi, lokacin da ɗari ya wuce, damina kuma ba ta kankama ba. Aikin babur ɗin ɗaya ne: a zagaya gidajen da ke warwatse a filin tudu a karɓi madarar safe, a ɗaure garewani biyu a gefe da gefe, a kai wa mai cuku a bakin hanyar Ayaviri kafin ya hura wa tukunyarsa wuta. A wancan lokacin gora biyu ta fetur, irin manyan gorunan lemo da ake sayar da shi a ciki a shagon ƙauye, tana kai Rómulo ta dawo da shi har da ɗan saura. Da ruwa ya sauka man ya ƙara tafiya, tsohon bai damu ba, domin taɓo abu ne da ido yake gani. To yanzu Yuni ya shigo, watan ɗari a wannan ƙasa. Ruwa ya ɗauke, hanya ta yi tauri kamar daɓe, sanyi ya ƙone ciyawa har shanu sun rage nono, garewani sun yi sauƙi. Duk da haka sandan a bushe yake fitowa, wata rana ma da turi Rómulo yake shigo da babur ɗin gida.

Rómulo ba ɗan tudu ba ne. Daga kwarin Sandia ya fito, inda kofi da lemo suke yi, inda mutum yake kwana da riga ɗaya. Kafin ya auri Nélida ya sha barasa har ya gaji, ya rantse a coci gaban surukansa cewa ya daina, kuma shekaru babu wanda ya ji warinta a bakinsa. Amma tun da ɗari ya shigo sai ya riƙa dawowa bayan rana ta karkata, ido jajir, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta kuɓuce masa. Don Eulogio ya haɗa wannan da wancan, ya yanke hukunci shi kaɗai.

"Sayar da shi yake yi," ya ce da matarsa Primitiva wata safiya, tana tura busasshen kashin shanu cikin murhu. "Ya zuƙe rabin gora ya ba masu shago, su zuba masa abin da ya saba."

"Ka ji wari?"

"Akwai ganyen da ake taunawa a kashe wari."

"Ganyen da kai ma kake wuni kana taunawa, tsoho. To kai ma mashayi ne? Ka ƙyale yaron nan. Tun duhu yake fita, kai kana ƙarƙashin barguna kana minshari kamar injin niƙa."

"Minsharina ba ya shan fetur."

Da yamma suna zaune ana shan romon dankali da naman tunkiya, Nélida tana hura wa ƙaramar 'yarta cokali, sai tsohon ya ajiye sandan a tebur, daf da kwanon Rómulo.

"Duba min nan. Hanya ta ƙara tsawo ne?"

"A'a, Baba."

"Madara ta ƙara nauyi?"

"Raguwa ma ta yi."

"To ina man yake zuwa?"

"Sanyi ne, Baba. In gari ya yi haka, injin ba ya..."

"Sanyi! Nélida, kin ji mijinki? Sanyi ya yi maƙogwaro. Ni a cikin sanyin nan aka haife ni, a cikinsa aka binne ubana, ban taɓa ganin ya ɗauki gora ya kafa kai ba. Na dai san masu yin haka."

"Baba," in ji Nélida, "a gaban yara?"

Rómulo ya ajiye cokali. Ya cire igiyar da ke wuyansa, ya warware makullin babur, ya ɗora shi kusa da sandan.

"Ga abinka, Baba. Na gode da abincin da na ci a gidan nan. Gobe da la'asar motar masu haƙar zinari za ta tsaya a mararraba, ana neman mutane. In na sami ɗaki, Nélida da yara su biyo ni."

Primitiva ta saki ludayi a tukunya. Ramukan zinarin nan da ke can ƙarƙashin ƙanƙarar duwatsu sun riga sun ci musu ɗa guda. Hilario ya hau da ƙarfinsa, ya sauko da tarin da bai sake shi ba sai a kabari. Don Eulogio ya san wannan fiye da kowa, kuma a nan ne ya kamata ya janye maganarsa. Bai janye ba. Girman kai ya riƙe masa harshe, kuma ya ɗauka barazana ce kawai.

"Gobe ni zan kai madarar," ya ce. "Da gora biyu. In dawo da saura, kowa ya gani."

Gari ya waye garau, babu ko ɗigon girgije, ruwan kwamin shanu ya daskare har sai an fasa shi da dutse. Don Eulogio ya juye gorunansa biyu a tanki, ya ɗaure garewani, ya hau, ya taka kik. Shiru. Ya sake takawa. Ya yi ta takawa har gumi ya keto masa a ƙarƙashin hula, babur ɗin ko tari bai yi ba. A Oktoba da ya ɗana shi, bugu ɗaya yake tashi.

Primitiva ta fito da buta tana tururi.

"Rómulo ruwan zafi yake kwara wa injin, ya ja wancan ɗan ƙarfen, ya bar shi yana gurnani har ya gama shan shayinsa."

"Gurnanin banza mai yake ci."

"To zauna a kansa haka, ka dake shi da sanda kamar jaki, ƙila ya tafi."

Ya karɓi butar ba tare da ya dube ta ba. Ya kwara ruwan, ya ja cok, ya taka. Injin ya yi tari ya kama. Ya mayar da cok don ya rage ɓarna, injin ya mace. Ya sake. Ya sake macewa. Dole ya tsaya a tsakar gida hannu a hammata, yana sauraron fetur ɗinsa yana ƙonewa alhali taya ba ta juya ko sau ɗaya ba. Ƙofar ɗakin Rómulo a rufe take, ba wanda ya leƙo.

Da ya hau hanya sai ya ji kamar an canja masa babur. Baƙin man ya yi kauri kamar zumar da ta kwana a waje, injin yana jan jiki da ƙyar. Tayoyin da jiya da rana suke tantsan sun yi laushi, suna manne wa ƙasa. Ga iska ta taso daga wajen duwatsu tana dukan ƙirjinsa, mayafinsa na ulu ya kumbura a baya kamar buhu, sai ya murɗa totur sosai kafin ya yi gudun da a da yake yi da ɗan taɓawa.

Gidan farko na Doña Eduviges ne. Yana tsayawa ya kashe injin, yana jin daɗin kansa. Matar ta ɗago daga ƙarƙashin saniya.

"Wayyo, Don Eulogio! Kashe shi ka yi? To yau akwai rawa a gidan nan."

"Ni ba na ƙona mai a tsaye."

"Sannu da tattali. Sai ka jira, ban gama ba. Yatsuna sun ƙage, hantsar saniyar nan duk ta tsage, ba ta bari a taɓa ta da sauri."

Kafin ta gama tatsa injin ya huce sarai, kamar shayin da aka manta a waje. Ya taka, ya taka, babu labari. Sai da Doña Eduviges ta kira mijinta suka tura shi gangare, ita tana riƙe da hularta da hannu ɗaya tana dariya.

"Surukin naka ba ya kashewa!" ta ƙwala masa daga baya. "Barin shi yake a ƙofa yana tari kamar kai!"

Daga nan bai ƙara kashewa ba. A kowace ƙofa sai ya tarar ba a gama tatsa ba, ya tsaya, injin yana gurnani, shi yana lissafin man da yake ƙonewa. A kowace ƙofa kuma tambayar ɗaya ce: ina Rómulo, lafiya dai? Wata ma ta ba shi dafaffen dankali a ƙulle ta ce na Rómulo ne, kada ya cinye a hanya. Kafin ya bar gida na ƙarshe ya riga ya juya rizab.

A tsakiyar dogon filin da ke kaiwa kwalta babur ɗin ya yi shaƙuwa sau biyu ya yi shiru. Don Eulogio ya girgiza shi, bai ji motsin komai a tanki ba. Ya duba gabas ya duba yamma, busasshiyar ciyawa ce kawai har ƙarshen gani. Rana ta fito, haske kamar ya huda ido, amma babu ɗumi a cikinta.

Ya fara turi. Babur da madara cike ba abin da tsoho zai tura a kan tudu ba ne. Bai yi nisa ba ƙirjinsa ya fara kaɗawa, ya tsaya ya jingina. A nan ne lissafin gaskiya ya zo masa, wanda ba a yi da sanda. In da turi zai kai madarar nan, sannan ya juyo, la'asar za ta yi yana hanya. Motar za ta tsaya a mararraba ta tashi. Sai yanzu ya tuna yadda Rómulo ya ajiye makullin nan: a hankali, babu fushi, irin ajiyewar wanda ya gama shawara. Tsoro ya kama shi, ya sake dafa babur ya tura.

Bayan wani ɗan tudu akwai bukka da katangar dutse. Mama Asunta ce a ciki, gwauruwa, ba ta da saniya, shi ya sa ba a tsayawa ƙofarta. Ta baza dankalinta a kan ciyawa kamar yadda kowa yake yi a wannan wata, ɗari ya daskarar da shi, rana ta narkar, a tattake da ƙafa a matse ruwan a samu busasshen dankalin da suke kira cunyo, abincin shekara. Tana zaune a kan dutse, ta kare ido da hannu.

"Wannan babur ɗin Rómulo ne. Ina shi? Ba shi da lafiya?"

"Nawa ne," in ji Don Eulogio yana haki.

"Naka ne? To shi bai sani ba, ga shi kai kake ɗauke da shi. Zo ka zauna kafin ka mutu min a ƙofa, ba ni da mai taya ni ɗaukar ka."

Ya zauna a kan katanga.

"Shi ma nan yake mace masa in iska ta yi yawa," ta ce. "Leƙa bayan ƙofa, gorarsa tana nan."

"Wace gora?"

"Ta fetur mana, ta me kuma? Ɗana na Juliaca ya kawo min janareta da jarka guda, wai in riƙa kunna fitila. Ni kuwa tsoron abin nake ji, ihu yake kamar an taka wutsiyar kare. Ranar da babur ya fara mace wa yaron nan, ya zo ya ce in sayar masa. Na ce me zan yi da kuɗi a nan, in ba tumaki? Ƙafafuna ne suka ƙi, ba sa iya taka dankali. Shi ke nan. In ya kai madara sai ya biyo, ya cire takalmi ya tattake min, ni kuma in cika masa gora."

Don Eulogio ya dubi dankalin. Gefe guda an tattake, ya yi baƙi ya yamutse. Gefe guda yana nan, ruwan ƙanƙara yana tsatsowa daga jikinsa.

"Ɗan kwari ne, ƙafa kamar ta jinjiri," tsohuwar ta ci gaba. "Ranar farko har jini. Na ce, kai wawa, ka ce wa surukinka ya ƙara maka mai mana, kowa ya san babur ya fi ci da ɗari. Ya ce tsohon ya sayar da bijiminsa saboda shi ya sami abin yi, ba zai koma ya ce a ƙara ba. Ka yi sa'ar suruki, Eulogio. Nawa sai ranar yanka tunkiya nake ganinsa. Me ya sami idonka?"

"Iska ce."

"To in kun gama da iskar, madarar mutane tana jira."

Ya tashi ya ɗauko gorar. Ya juye ta a tanki. Ya tsaya gaban tsohuwar, bai san yadda ake fara irin wannan magana ba, domin bai saba ba.

"Mama Asunta, Allah ya saka miki. Ba ki san abin da kika yi min ba."

"Gora ɗaya ce, ba 'yata na ba ka ba. Tafi."

Da man nan ya ishe shi da sa'a, da iskar ta lafa a wannan safiya ya koma gida da ɗan danshi a kan sandansa, da ya shiga yana taƙama, kuma da jikokinsa sun tashi a bakin ramin zinari. Mutum yakan roƙi Allah ya ba shi gaskiya a kan ɗan'uwansa, bai san cewa wani lokaci hana shi ita ce rahamar ba. Don Eulogio ya gane haka a kan hanyar kwalta, kuma ya gode.

Mai cuku ya yi masa faɗan makara, ya karɓi madarar yana gunaguni. Tsohon ya ɗaure garewaninsa ya hau. Ya tsaya shagon bakin hanya ya ce a cika masa tanki har wuya, mai shagon ya dube shi sau biyu don ya tabbatar shi ne. Lokacin rana ta riga ta karkata, iska ta kwanta, injin ya yi zafi. Babur ɗin da ya wuni yana ja da baya sai ga shi yana tafiya wasai, totur kaɗan ya ishe shi. Bai nufi gida ba, mararraba ya miƙe.

Motar ta riga shi isowa. Maza sun cika bayanta da buhunansu, direba yana zagaye yana dukan tayoyi da ƙafa. Rómulo yana sama, zaune a kan jakarsa. Nélida tana ƙasa da goyo, ta juya wa motar baya.

"Rómulo! Sauko."

Rómulo ya leƙo. "Ka dawo da saura, Baba?"

"Ya mace min a filin Mama Asunta. Da gorarka na ƙarasa."

"Kaka," in ji direba, "in tafiya za ka yi hau, in wa'azi ne coci tana can baya."

Don Eulogio ya kafe babur. Ya cire hularsa, abin da ba ya yi sai a gaban bagadi, iska ta tayar masa da furfura. Mazan da ke bayan motar suka juyo suna kallonsa.

"Jiya na kira ka ɓarawo, na kira ka mashayi, a gaban 'ya'yanka. Ƙarya na yi maka. Ka gaya min gaskiya na mayar da ita abin dariya. A gaban mutum biyar na ci mutuncinka, ga ni a gaban mota guda ina janyewa. Ka yafe min, ka sauko."

Rómulo bai motsa ba. Ya dubi takalminsa.

"In na sauko, Baba, gobe wani abu ya ragu a gida, wa za a duba?"

"Ba zan yi maka ƙarya ta biyu ba. Na tsufa da halina, awo ba zan daina ba. Amma in ka ce min ga yadda abu yake, zan rufe baki in ji. Wannan na ɗauka. Na ba ramin nan ɗa guda, Rómulo. Kada ka sa in ba shi na biyu da bakina."

Wani mai faɗin kafaɗa da ke kusa da Rómulo ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Sauka, ɗan'uwa. Ni da surukina zai cire min hula, da ba ka gan ni a motar nan ba. Nawa kare ya sakar min."

Aka kwashe da dariya. Nélida ta juyo, fuskarta jiƙe.

"Ka sauko mana, ƙafata ta daskare. Ko sai shi ma ya durƙusa? In ya durƙusa ba mai iya tayar da shi."

Jakar ce ta fara faɗowa. Sannan Rómulo ya diro, ya yamutsa fuska da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, tsohon ya gani ya kawar da kai. Direba ya ja tsaki ya ce an ɓata masa lokaci, ya tayar da mota, aka yi ta ɗaga musu hannu daga sama.

"Sa hularka, Baba, za ka yi mura."

"Kai za ka tuƙa. Yatsuna ba sa lanƙwasuwa."

Rómulo ya hau, Nélida da goyonta a tsakiya, Don Eulogio can ƙarshe a kan ƙarfen garewani, rungume da jakar. Suna tafe yana motsa baki, yana jera wa Allah godiya ɗaya bayan ɗaya: saboda tsohuwar, saboda tsoron da take yi wa janareta, saboda motar da ba ta tashi da wuri ba.

"Me kake cewa, Baba?" Nélida ta tambaya, ba ta waiwayo ba.

"Da Ubangijina nake magana. Gaya wa mijinki ya rage gudu, uwarki ba ta san muna tafe mu huɗu ba, a bar ta ta hango mu daga nesa."